Allon makin tanis a ɗakin kallo na Garwa: littafin aiki, Satumba zuwa Nuwamba 2025

Litinin, 1 ga Satumba

Aikin shi ne kafa allo a bangon ɗakin kallon unguwarmu a Garwa ta Kamaru, wanda zai riƙa nuna makin Jannik Sinner na Italiya da Carlos Alcaraz na Sifaniya mako-mako har ƙarshen kakar bana. Ɗakin na ƙwallon ƙafa ne, amma tun wasan ƙarshe na Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa, a watan Yuni, wanda ya ci awa 5 da minti 29, aka samu samarin da ke zama don tanis, kuma gardamar wane ne na ɗaya ba ta ƙarewa. Tushen gardamar ɗaya ne. Mai kallon ƙwallo ya saba da teburin da maki ke hawa kawai. A jadawalin ATP kuwa, wato hukumar tanis ta ƙwararrun maza, maki kamar bashi ne na shekara guda: duk abin da ɗan wasa ya ci, bayan mako 52 a zo a karɓe, sai in ya sake cin irinsa a wannan makon. Allon da ba ya nuna abin da zai zube ba shi da amfani.

Tsarin allon: fallen katako mai kaurin milimita 10, tsawo santimita 244, faɗi 122, a kwance. Sama, layi biyu na sunaye da layin tsaye biyu na lambobi, ɗaya na jadawalin mako 52, ɗaya na makin da aka tara daga Janairun bana kawai. Ƙasa, fili na alli don lissafin mako.

Kuɗin yau da sefa: falle 11,000, katakon firam 4,000, baƙin fenti 3,500, farin fenti 2,000, ƙusoshi da ƙugiyoyi 1,500, aikin kafinta 5,000. Jimla jaka 27.

Alhamis, 4 ga Satumba

Fentin ya ƙi alli. Baƙin fentin mai ne mai sheƙi, irin na ƙofar ƙarfe, alli yana zamewa a kansa ba ya barin komai, kuma in fitila ta haske shi da dare sai ya riƙa ƙyalli, na bencin baya ba ya ganin rubutu. Gyaran: a goge sheƙin duka da sanfefa mai lamba 120, a share ƙurar da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe, sannan a shafa fentin allo irin na makaranta sau biyu, da ratar kwana ɗaya a tsakani. A damina kada a gaggauta shafi na biyu, na farkon yana iya bushewa a sama alhali ƙasansa ɗanye ne. Bayan ya bushe a kwantar da alli a goge fuskar allon gaba ɗaya a share. In ba a yi haka ba, rubutun farko zai zauna a jikin fentin har abada. Fentin allo 4,500, sanfefa 500, alli 1,000.

Litinin, 8 ga Satumba

Lambobin farko sun hau. Jiya a New York Alcaraz ya doke Sinner da ci 6-2, 3-6, 6-1, 6-4 a wasan ƙarshe na US Open. An sa wasan ƙarfe 7 na dare agogonmu, aka jinkirta shi saboda binciken tsaro na zuwan shugaban Amurka.

Lissafin yana da kyau don koyar da mutane. Kafin gasar Sinner yana da 11,480, Alcaraz 9,590. Sinner ne ya ci kofin a 2024, don haka aka zare masa 2,000, aka ba shi 1,300 na wanda ya kai wasan ƙarshe: 10,780. Alcaraz bara a zagaye na biyu aka fitar da shi, 50 kawai aka zare, aka ƙara masa 2,000: 11,540. Ratar 1,890 ta juye ta koma 760 a ɗaya ɓangaren cikin mako biyu. Da wannan mulkin Sinner na mako 65 a jere, tun 10 ga Yuni 2024, ya yanke.

Lambobin na kwano ne, ragowar rufi aka yanka santimita 10 da 15, aka huda, ana rataya su a ƙusa. Sifirin ƙarshe an zana shi a jikin allon, don duk makin da mutanen nan biyu ke ci a manyan gasa da sifiri yake ƙarewa. An yanka huɗu-huɗu na kowace lamba, sai 6 da 9 da aka haɗe su, guda shida masu huda sama da ƙasa, a juya kawai. Kwano 2,000, yanka 2,000. A dandaƙe bakin kwanon da guduma, yana yanka yatsa.

Alhamis, 11 ga Satumba

An shigar da sakamakon mako 52 a teburin Excel. Kowace gasa layi guda: suna, Litinin ɗin da makin ya shiga, inda ɗan wasa ya tsaya, maki, ranar zubewa. Ranar zubewa kwana 364 ne a kan ranar shiga, wato 52 sau 7. In aka sa 365 sai ta faɗa Talata, teburin ya riƙe makin mako guda fiye da kima.

Dokar ATP ta bana tana ƙirga sakamako 19: manyan gasa huɗu (Ostireliya, Roland Garros, Wimbledon, US Open), gasannin Masters takwas na dole, waɗanda ke bin su a girma, da bakwai mafi kyau daga sauran. Gasar rufe kaka ta Turin ƙari ce a kai ga wanda ya samu shiga. Ga mutanen nan biyu iyakar ba ta taɓa su, ba sa buga gasa da yawa har a jefar da wata, don haka jimla kai tsaye ta wadatar. Wanda zai yi irin wannan teburi ga ɗan wasa na 40 ko na 60 dole ya sa tacewa.

Layin bana ya fito haka: Alcaraz 10,540, Sinner 7,950. Rata 2,590, fiye da ninki uku na ratar jadawali. Dalili a fili yake. An dakatar da Sinner wata uku, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu, kan maganar sinadarin clostebol da aka haramta wa 'yan wasa, bai buga Indian Wells da Miami da Monte Carlo da Madrid ba. Abin da ke riƙe da shi kusa da Alcaraz a jadawali makin ƙarshen bara ne: Beijin 330, Shangai 1,000, Turin 1,500, jimla 2,830, kuma duka za su zube kafin ƙarshen Nuwamba. Na Alcaraz 1,000 ne kacal: Beijin 500, Shangai 200, Faris 100, Turin 200. Gwajin teburin shi ne a haɗa na bana da wanda zai zube. 10,540 da 1,000 sun ba da 11,540. 7,950 da 2,830 sun ba da 10,780. Ya daidaita da shafin ATP.

A ganina layin bana shi ne layin gaskiya daga yanzu. Ranar da kaka ta ƙare layukan biyu za su zama lamba ɗaya, kuma na mako 52 ne zai je ya sami na bana.

Litinin, 15 ga Satumba

Babu sauyi. An ƙara ƙusa biyu a firam.

Litinin, 22 ga Satumba

An yi Laver Cup, karawar tawagar Turai da ta sauran duniya, a San Francisco, Taylor Fritz ya doke Alcaraz, kuma babu maki ko ɗaya a ciki. An rubuta wannan da alli tun kafin a fara tambaya.

Mai rubutun allo ya zana layin tarihi a can ƙasa da farin fenti: an fara jadawalin 23 ga Agusta 1973, Ilie Nastase ne na ɗaya na farko, Novak Djokovic mako 428 a na ɗaya, Roger Federer mako 310. Wani dattijo da ke zama bakin ƙofa ya duba ya ce wa mai zanen, "Yaro, ina ɗan gida?" Mai zanen ya ce, "Baba, ai bai kai na ɗaya ba, kuma Faransa ya buga wa." Duk da haka an ƙara layin: Yannick Noah, kofin Roland Garros 1983, na uku a duniya 1986. Mahaifinsa Zacharie ɗan ƙwallon Kamaru ne, a Yawunde ɗan tanis na Amurka Arthur Ashe ya ga Yannick yana yaro, kuma Yannick ne sabon kyaftin ɗin tawagar Turai a wannan Laver Cup ɗin. Layin bai da alaƙa da lissafin, amma shi aka fi tsayawa karantawa.

Litinin 29 ga Satumba zuwa Alhamis 2 ga Oktoba

Teburin ya ba da lambobin ƙarya na kwana biyu. Ranar Litinin ya nuna Alcaraz 11,040, Sinner 10,450. Sanadin: gasannin Tokiyo da Beijin ba ranar Lahadi suke ƙarewa ba, sai Talata da Laraba, don su haɗu da farkon Shangai. Makin Beijin na bara yana ƙarƙashin Litinin 30 ga Satumba 2024, kwana 364 suka cika, teburin ya zubar da shi alhali ana tsakiyar gasar bana. An fara gwada ɗaure zubewa da sunan gasa, wato makin Beijin na bara ba zai fita ba sai an shigar da na Beijin na bana. Wannan ma bai yi ba, domin Alcaraz bai je Beijin bana ba, Tokiyo ya je, layinsa na Beijin zai zauna babu ranar fita. Abin da ya yi aiki: kowane layi a ba shi lambar makon kalanda, a ƙara gurbi guda na "an rufe mako" da ake cikawa da hannu. Tsohon maki ba ya fita sai an rufe makon.

Sakamakon kansa: Talata Alcaraz ya ci Tokiyo, ya doke Fritz 6-4, 6-4, duk da ya gurɗe a idon sawu tun wasansa na farko. Laraba Sinner ya ci Beijin, ya doke Learner Tien 6-2, 6-2. Alcaraz 500 ya fita 500 ya shiga, yana nan a 11,540. Sinner 330 ya fita 500 ya shiga, 10,950. Wani yaro ya ce, "Yaya, mutum ya ɗaga kofi kuma lambarsa ba ta motsa ba?" An nuna masa layin bana, inda ta tashi zuwa 11,040. Sinner a can 8,450.

Lambar 1 ta ƙare. Allon yana buƙatar biyar, huɗu aka yanka, aka cike da alli. An duba lambobin da ke iya fitowa nan gaba, aka yanka ƙarin 1 guda huɗu da 0 guda huɗu. Sefa 1,000. Mai son yin irin allon nan ya yanka takwas-takwas na waɗannan biyun tun farko, ya rage 2 da 3 da 7.

Tokiyo tana gabanmu da awa 8, Beijin da Shangai awa 7. Yawancin wasannin da safe suke faɗowa, ɗakin a rufe, sai a waya ake bin sakamako.

Litinin, 6 ga Oktoba

Alcaraz ya janye daga Shangai tun kafin a fara, don ya huta da ƙafar. Jiya Sinner ya bar fili a zagaye na uku yana wasa da Tallon Griekspoor, tsokar ƙafa ta ɗaure masa saboda zafi da gumin garin, har sai da aka riƙe shi.

Nan wata matsalar teburi ta fito. Jerin maki an rubuta shi da sunan zagaye, kuma "zagaye na uku" a Masters ya ba da 100. Wannan daidai ne a Faris, inda 'yan wasa 56 ne, zagaye na uku mutum 16 suka rage. A Shangai 'yan wasa 96 ne, zagaye na uku mutum 32 suka rage, makinsa 50. An sake jerin da yawan mutanen da suka rage: zakara 1,000, na biyu 650, saura huɗu 400, saura takwas 200, saura 16 maki 100, saura 32 maki 50. Ba a ƙara rubuta sunan zagaye a ko'ina cikin teburin.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ruwan ƙarshen damina da iska ya bugo ta ƙarƙashin rufi. Kusurwar ƙasa ta hagu ta sha ruwa, fallen ya kumbura, ɓawonsa na sama ya tashi kamar taƙi guda. Da aka sauke allon aka tarar da hanyar gara a bayan firam, ta biyo bango ta hau. Kuskuren kafi ne: allon ya manne da bango, babu iska a bayansa.

An yanke santimita 6 daga ƙasa, an shafe gefen da aka yanke da fentin mai, wanda ya ƙi alli, ga inda ya yi rana. Bayan allon da firam an shafe su da baƙin mai na gareji. An sa guntayen katako masu kaurin santimita 3 tsakanin allo da bango, an kuma ɗora 'yar rumfar kwano a sama mai fitowa santimita 40. Layin Nastase ya tafi da yankan, an sake zana shi. Katako 2,000, kwano 3,500, aiki 1,500.

Litinin, 13 ga Oktoba

Jiya ranar zaɓen shugaban ƙasa ce, ɗakin bai buɗe ba. Valentin Vacherot na Monako, na 204 a duniya, ya ci Shangai, ya doke ɗan uwansa Arthur Rinderknech.

An rufe mako. Alcaraz 200 ya zube, 11,340. Sinner 1,000 ya zube 50 ya shiga, 10,000 cif. Layin bana: 11,040 da 8,500.

An rubuta iyaka da alli, kuma ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci daga yau. Sinner yana da gasa uku: Biyenna 500, Faris 1,000, Turin 1,500. In ya cinye duka ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba, 11,500 zai tsaya. Alcaraz yana buƙatar abin da ya haura 460 a Faris da Turin haɗe, ko da Sinner bai yi tuntuɓe ba. Aikin ba shi da yawa ga mutumin da ya kai wasan ƙarshe a kowace gasa da ya shiga tun Afrilu, sai dai rufaffen fili mai sauri ba wurinsa ba ne, na Sinner ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Wasan baje koli na Riyad, Sinner ya doke Alcaraz 6-2, 6-4. Kuɗi mai yawa, maki babu. Ba a taɓa ƙusa ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Sinner ya ci Biyenna jiya, ya doke Alexander Zverev 3-6, 6-3, 7-5. Bara bai ci komai a wannan makon ba, don haka 500 ɗin riba ce zalla: 10,500 a jadawali, 9,000 a layin bana. Alcaraz bai buga ba.

Turai ta mayar da agogonta baya jiya. Daga yanzu lokacin Faris da Turin daidai yake da namu, an goge "rage awa ɗaya" daga takardar lokutan wasa. Yau aka sanar da sakamakon zaɓe, gari ba daɗi, an rataya lambobi da rana an kulle.

Lissafin Faris: bara Sinner bai buga ba, Alcaraz 100 zai zube masa, ya fara daga 11,240. In Sinner ya ci kofi ya kai 11,500. Alcaraz in ya tsaya a saura takwas, 11,440, bai isa ba. Sai ya kai saura huɗu zai riƙe matsayinsa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Jiya Cameron Norrie ya fitar da Alcaraz a wasansa na farko, 4-6, 6-3, 6-4, da kurakurai 54 na ganin dama daga Alcaraz. Bana aka mayar da gasar daga zauren Bercy zuwa na La Défense, filin ya fi na da nauyi, amma wannan ba uzuri ba ne, wasa ne mara kyau.

Teburin ya ba shi 50, saboda mutum 32 suka rage a zagayen. Daidai shi ne 10. Manyan 'yan wasa ana ɗauke musu zagayen farko, kuma wanda aka ɗauke wa ya faɗi a wasansa na farko makin zagayen farko ake ba shi. Haka aka yi masa a Miami a watan Maris, amma wancan layin da hannu aka kwafo shi daga shafin ATP, shi ya sa dokar ba ta shiga teburin ba. An ƙara gurbi: "ya ci wasa a gasar?" In amsar a'a ce, maki 10. Bambancin 40 ne kawai, sai dai a ratar da ake ciki 40 ba abin wasa ba ne.

Alcaraz: 11,250 a jadawali daga Litinin, 11,050 a layin bana.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Sinner ya ci Faris jiya, ya doke Félix Auger-Aliassime na Kanada, wanda mahaifinsa ɗan Togo ne, da ci 6-4, 7-6. Yau shi ne na ɗaya, 11,500 da 11,250. An sauya sunayen, na Sinner ya hau sama. Sunayen a kan dogayen kwano suke masu ƙugiya biyu, sauyin minti ɗaya ne.

Magoya bayansa sun yi murna, an bar su. Amma an zana kibiya da jan alli zuwa ranar 10. Makin Turin ba ya bin dokar kwana 364. Gasar bara ta ƙare 17 ga Nuwamba 2024, teburin ya sa zubewarta 17 ga Nuwamban bana, alhali ATP tana zare shi tun Litinin ɗin da ke bin gasar ƙarshe ta kaka, kafin a raba sabon maki. An gyara ranar da hannu zuwa 10 ga wata. Sinner zai rasa 1,500, Alcaraz 200. Mulkin nan na mako ɗaya ne, ko da babu wanda ya ɗaga raket.

Mai ɗakin ya ce, "Malam, kada ka ɓata musu rana." An rage girman kibiyar.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Layukan biyu sun haɗe: Alcaraz 11,050, Sinner 10,000, hagu da dama. Sifiri takwas ɗin duka suna kan ƙusa. Sunan Alcaraz ya koma sama.

Djokovic ya ci gasar Atina ranar Asabar, kofinsa na 101, ya kuma janye daga Turin. Lorenzo Musetti, wanda Djokovic ya doke a wasan ƙarshe, shi ya maye gurbinsa a rukunin Alcaraz.

Makin Turin: 200 kowane wasan rukuni, 400 na kusa da ƙarshe, 500 na ƙarshe. Lambobin kwano ba za su motsa ba sai an gama, na kullum da alli. An zana dukan hanyoyi. In Sinner bai ci kofin ba iyakarsa 11,000, bai kai ba ko da Alcaraz bai ci wasa ko ɗaya ba. In ya ci kofin da faɗuwa biyu a rukuni, 11,100, nasara ɗaya ta ishi Alcaraz. Da faɗuwa ɗaya, 11,300, sai nasara biyu. In bai faɗi ba sam, 11,500, nasara biyu ta kai Alcaraz 11,450, saura 50, don haka sai ya ci uku ko ya kai wasan ƙarshe. Kunnen doki ba zai yiwu ba a kowace hanya.

Jiya Alcaraz ya doke Alex de Minaur 7-6, 6-2. Alli: 11,250.

Talata 11 zuwa Juma'a 14 ga Nuwamba

Talata, Fritz ya ci saitin farko ya kusa ɓata lissafin, Alcaraz ya dawo 6-7, 7-5, 6-3. Alli: 11,450. Sinner ya doke Auger-Aliassime da Zverev. Alhamis da dare Alcaraz ya doke Musetti 6-4, 6-1 a gaban 'yan Italiya, 11,650, ya haura iyakar. Shi ne na ɗaya a ƙarshen shekara, karo na biyu bayan na 2022. An goge zanen hanyoyin. Juma'a Sinner ya doke Ben Shelton.

An ɗauke wuta a tsakiyar wasan Alhamis. Baturin motar da ke ajiye ya riƙe talabijin da akwatin tauraro, amma da aka bar fanka a kai injin juya wutar ya fara kuka. A cire fanka, a bar fitila ɗaya.

Hazo ya fara. Ƙura tana kwanciya a allon, baƙin ya koma toka-toka, alli ba ya fitowa. Ɗanyen tsumma a matse sosai, sau ɗaya da safe, a bari ya bushe kafin a rubuta. Rubutu a kan danshi yana daskarewa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Jiya bayan Magariba, Sinner ya doke Alcaraz 7-6, 7-5 a wasan ƙarshe, ya riƙe kofin Turin ba tare da an ci shi saiti ko ɗaya ba, kamar bara. Ya cinye duk maki 3,000 da aka rubuta masa ranar 13 ga Oktoba, ya tsaya daidai kan iyakar. Alcaraz 600 na rukuni da 400 na doke Auger-Aliassime. Lambobin rufe kaka: 12,050 da 11,500.

Ratar 550 ce, kuma Sinner ya tara nasa a gasa 12, Alcaraz a 16. Masu cewa da ba don dakatarwar ba da Sinner ne a sama suna da hujja. Masu cewa Alcaraz ya doke shi a Rum da Roland Garros da New York, ya kuma karɓi kofin Cincinnati lokacin da rashin lafiya ta sa Sinner ya bar fili, su ma suna da ita. A wasan ƙarshe na babbar gasa tsakanin ci da faɗuwa 700 ne ga kowa, wato rata tana motsawa da 1,400. Ƙwallo ɗaya daga cikin ukun da Sinner ya samu na ɗaga kofi a Roland Garros ya ishi juya allon nan.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Davis Cup, gasar ƙasashe, ba ta da maki. Italiya ta doke Sifaniya a Bologna, babu ko ɗaya daga cikin biyun a fili.

Kuɗin aikin gaba ɗaya: kafi na farko 27,000, gyaran fenti da alli 6,000, lambobi 5,000, gyaran ruwa da gara 7,000, katin intanet na wata uku 9,000. Jimla jaka 54. Jaka 12 daga ciki, wato na sabon fenti da sanfefa da gyaran ruwa, da an tsallake yawancinsa in an fara da fentin allo da rata a bayan firam.

Mataki na gaba. Layin bana zai koma sifiri a Janairu, ba zai faɗi komai ba sai wajen Yuni, don haka za a mayar da ƙusoshinsa na "abin da ya rage bayan zubewa". Gasar Ostireliya za ta fara a Melbourne 18 ga Janairu. Sinner 2,000 zai zube masa, Alcaraz 400, su fara daga 9,500 da 11,650. Rata 2,150, ta fi duk abin da gasa ɗaya ke bayarwa, don haka Melbourne kaɗai ba za ta sauya sunan sama ba. Wurin kallo shi ne Fabrairu zuwa Afrilu. Alcaraz zai zubar da Rotterdam 500, Doha 100, Indian Wells 400, Miami 10, Monte Carlo 1,000, Barcelona 330, jimla 2,340, Sinner kuwa babu ko ɗaya sai Rum a watan Mayu. An shigar da waɗannan ranakun, kowace da lambar makonta.

Melbourne tana gabanmu da awa 10, wasan dare a can ƙarfe 9 na safe ne a nan, za a nemi mai ɗakin ya riƙa buɗewa da wuri a mako na biyu. Kafin nan a sauke allon, a duba bayan firam, a sake shafa fentin allo sau ɗaya, a yanka 9 guda biyu. An ware jaka 6.